Kawu Ishaku da jarkokin Dauda

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Ishaku, ƙanen mahaifiyarmu. Ban taɓa kewarsa kamar bana ba, ban kuma taɓa jin haushinsa kamar bana ba.

Kafinta ne a Sabon Birni, ranar Lahadi kuma shi ke wa'azi a 'yar majami'armu da ba ta cika ko da Kirsimeti. Wa'azinsa ɗaya ne, har muka haddace muna kwaikwayonsa a bayan idonsa: mai bin Almasihu haske ne, haske kuwa ba ya ganin ɓarna ya kau da kai. Sai dai Kawu ba ya kai ƙarar kowa, ba ya habaici a gaban jama'a. Gidan mutum yake zuwa da rana tsaka, shi kaɗai. A kawo masa ruwa ya ajiye, sai ya faɗi abin da ya kawo shi, sannan ya shanye tas, a san ba gaba ya zo yi ba. Mai awon da ya bubbuge gindin tiyarsa a kasuwar Isa ya sha wannan ziyara, haka wani dattijon majami'a mai dukan matarsa. Wasu sun zage shi, amma ba wanda ya rasa ransa don Kawu ya yi magana.

Yanzu fa? Dauda, mijin ƙanwata Saratu, ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, a nan Isa. Duk ranar kasuwa yana ɗaure jarkokin fetur da burodi ya bi hanyar Tozai, ya dawo wayam. Na san wa yake kai wa. Mutanen dajin nan ne da suka raba mu da gonakinmu. In na tsegunta wa 'yan sa-kai, Dauda ba zai kai gaban alƙali ba, Saratu za ta zauna da marayu. In na yi shiru, da man nan za a hau babura a faɗa wa wani ƙauye.

Sai na yi irin ta Kawu. Na je gidan Dauda, aka kawo ruwa, na ajiye. Saratu ta dube ni ta dubi kwanon, ta ce:

"Yaya, sha don Allah. Sha ki tahi gida."

Dauda bai musa komai ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Yaya, sun ce ran da nib bar kai musu, da Tozai za su hwara, ga inna tana can. Ke ga hannun Kawu kit tashi. Hwaɗa mini abin da za ni yi, shi za ni yi."

Na tashi na koma gida, ruwan na nan a kwano. Kawu kullum yana da abin da zai ce wa mutum ya daina. Ban taɓa ganin ya shiga gidan da dainawar ma kisa ce ba, kuma wannan ne ya rikita ni. Ko koyarwarsa ta zamanin lafiya ce? Ko ni ce ba ni da zuciyarsa nake ɗora wa zamani? Wata rana nakan ga da yana raye da tuni ya hau babur ya tafi dajin da kansa. Wata rana kuma nakan ga zai zauna ne kawai kusa da Dauda su yi kuka.

Abin da ya saura mini daga gare shi shi ne na kasa yin kamar ban gani ba, kuma ban sani ba ko gado ne ko kaya. Maƙwabcina Malam Sani, wanda ya taya mu haƙa kabarin Kawu, tun damina mutanen dajin suka ɗauke matarsa daga gonar gero, har yau shiru. Jibi kasuwa. Da safe zai gaishe ni, ya tambayi lafiyar Saratu da maigidanta, ni kuma in ce suna lafiya.