Tagullar da na tokare ƙofa da ita

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Injiniya Hamisu, kuma akwai maganar da ban taɓa faɗa ba sai yau.

Sana'ata a Lanham, garin da nake zaune a ƙasar waje, ita ce sayen kayan gidan da mai shi ya mutu, in tsince, in loda a kwantena zuwa Kano. A gidan wani tsohon sojan ruwa na samu wata tagulla mai nauyi, tsawon kwalbar lemo, da 'yar farfela a ka. Na riƙa tokare ƙofar sito da ita kafin ta bi sauran tagulla zuwa wurin maƙera.

Wata Asabar Hamisu ya zo sitona daga garin Germantown neman kujeru. Ya durƙusa, ya duba lambobin jikinta da tambarin sojan ruwa, bai taɓa ta ba.

"Alhaji, matsa baya. Ka san tofido, bam ɗin da ake harba wa jirgin ruwa? Wannan ce ke tayar da shi."

"Haba Injiniya, ta girmi ubana. Me ya rage a ciki?"

"Ban sani ba. Maƙerin da zai sa ta a wuta ma bai sani ba."

A shekarun can babu Musulmin da ke son sunansa ya haɗu da kalmar bam a takardar hukuma, ga shi takardun zamana ba su fito ba. Na ce mu jefa ta a shara. Ya ce mai kwasar shara ma yana da iyali. Ya kira 'yan sanda, ya ba da sunansa, ya ce in ba shi makulli in tafi gida. Na tafi.

Masu kwance bam suka ɗauke ta. Har yau ban san ko da sauran abin fashewa a cikinta ba. Shi kuwa sau biyu aka kira shi tambayoyi, daga baya aka cire shi daga aikin gwamnatin da kamfaninsu ke yi. Bai ce tagullar ce sanadi ba, ni ma ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Yanzu ina ganin 'yan kasuwarmu suna jujjuya irin waɗannan ƙarafa a hannu, suna ɗaukar hoto, suna tambaya a intanet. Da yana nan, na san zai ce su ajiye tukuna.

Takarduna sun fito. Ba ƙarfen da ke shiga kwantenata sai na san ko mene ne, wannan darasin ya bar mini. Amma 'ya'yansa sun taso suna jin cewa babansu ya taɓa samun matsala da hukuma. Ku sani, matsalar tawa ce, shi ya tsaya a madadina. Allah Ya jiƙansa.