Ranar da Baba ya ƙi sayen hannun jarin masaƙa

Yayana Sani ya shimfiɗa jarida a gaban Baba, yana nuna masa yadda hannun jarin wata masaƙa ke ta hawa. A shekarar, ruwan madatsar Bakolori ya ba mu shinkafar rani mai kyau a Bakura, shi ne yake so Baba ya zuba kuɗin a can.

Baba bai yi boko ba. Ya ce a bari sai ranar kasuwa.

Ran Talata muka raka shi Mafara. Ya zauna a rumfar 'yan atamfa har azahar, yana kallon abin da mata ke ɗauka.

Da muka fito ya ce, "Sani, wagga masaƙa taka, wa ka ga ta sayi zanenta?"

"Baba, ai farashin hawa yake yi."

"Shi hau mana. Mata sun koma ma na waje, ya fi araha. In ba su saye, da mi za a biya ni?"

Injin ban ruwa Baba ya saya. Yaya ya ji haushi, ya zuba abin da ya tara a masaƙar shi kaɗai. Bayan 'yan shekaru masaƙar ta rufe, har yau takardar hannun jarin na cikin akwatinsa.

Ku da ke sayen hannun jari ta waya yanzu, me kuke dubawa kafin ku danna?