Wasan Taubasai a Tafkin Rama

A shekarun da gyaɗa ke sarauta a ƙasar Kano ni saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, a wani ƙauye da ke tsakanin Gwarzo da Kabo. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don har yau akwai jikokin mutanen da ke cikin labarin nan. Gidanmu muna noman gyaɗa kamar kowa, amma abin da aka san mu da shi igiya ce. Duk buhun da za a ɗinke bakinsa, duk jakin da za a ɗaure wa kaya a kora shi wajen sikeli, igiyar rama yake bukata, kuma ta Baba ce ba ta tsinkewa. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, na kuwa tashi da ganin cewa sana'ar da sunan da duk wani yabo da ke tare da su nawa ne tun kafin in yi musu wahala. Ina da baki, ina da son a gan ni, kuma ina tsoron ruwan sanyi kamar kaza.

Ga wanda bai san aikin ba, in aka yanke rama bayan damina sai a ɗaure ta dami-dami, a nutsar a tafki, a danne da duwatsu har ɓawon ya yi laushi. Daga nan sai mutum ya shiga ruwa har ƙirji ya ɗago dammunan, a ɓare, a wanke, a shanya. In aka yi jinkirin kwana biyu ta ruɓe, wahalar shekara ta tafi. Matsalar ita ce lokacin ya kan faɗo daidai shigowar sanyi, sa'ad da ruwan tafki ke yanka fata kamar aska. Baba yana da dokokinsa. Ba a shiga sai hantsi ya dubi ludayi. Ba a tsalle, sai dai a jiƙa fuska da ƙirji, a taka a hankali har numfashi ya daidaita. Ba a shiga mutum shi kaɗai. Kuma da zarar yatsunka sun kasa ƙulla igiya, ka fito, ko dami nawa ya rage. Ni ban taɓa kaiwa ga doka ta ƙarshe ba, don ruwa na taɓa cibiyata nake komawa gaɓa haƙorana suna kaɗawa. Saboda haka aikina ya zama wanki da shanya a tudu, tare da tsofaffi.

Ana nan sai Gwaggo, ƙanwar Baba, ta dawo gida da ɗanta bayan mijinta ya rasu, ciwo kuma ya share musu garken shanu a damina ɗaya. Ɗan nata sa'ana ne, taubashina. Amma wanda aka kawo mana ba shi ne wanda na sani muna yara ba. Yini yake a zaure ya haɗa kai da gwiwa, ba ya cin abincin kirki, in ka gaishe shi sai ya daɗe kafin ya gane da shi kake. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wasu suka ce iska ce. Wata safiya Baba ya ce da shi ya tashi ya raka shi tafki, ko ba komai ya riƙe masa igiya. Ban san abin da Baba ya hango ba. Ranar farko yaron ya shiga har gwiwa. Ta uku ya kai ƙirji, ya ja wani irin numfashi kamar wanda aka mara, ya tsaya cak, sannan ya fito tsigar jikinsa duk ta tashi, ya zauna a rana ya shanye kwanon kunu. A hanyarmu ta dawowa na ji yana tambayar Baba yadda ake gane ramar da ta nuna. Wannan ce magana mai tsawo ta farko da na ji daga bakinsa tun zuwansa.

Kafin sanyin ya fita ya zama wani mutum. Yana ci, yana barci, yana zolayar 'yan mata a bakin rijiya. Ya taɓa gaya mini cewa in ya shiga ruwan nan duk tunanin da ke cin zuciyarsa sai ya tsaya, don jiki ba ya barin mutum ya tuna komai sai numfashi, in ya fito kuma sai ya ji wani ɗumi ya taso masa daga ciki, kansa ya yi sakayau har dare. Gwaggo kuwa ba ta da zance sai na sa wa Baba albarka. Ya kamata in yi murna. Na yi ta kwana biyu. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda Baba ya koma kallonsa. Ranar kasuwar Gwarzo, in masu jakuna suka yaba igiya, sai Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce ga mai aikin nan, shi ne ke cikin ruwa. Ni kuma sai ya nuna ni da haɓa, yana dariya, ya ce wancan sarkin gaɓa ne. Mutane su yi dariya, ni ma in taya su. A shekara ta biyu na ji da kunnena Baba yana gaya wa Gwaggo cewa in ƙarfinsa ya ƙare, ɗanta zai bar wa gurbinmu na tafki, don tafki ba a gadonsa da jini, sai da ƙirji. Tun daga ranar ko tarin taubashina na ji sai raina ya sosu. Kishi nake yi da shi, kishi mai zafi, har lafiyar da ya samu ina jin kamar daga rabona aka yanka masa.

Kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai. Kana iya ɓoye masa takalmi, ka zuba masa barkono a fura, ka kira shi bawanka a gaban surukansa, ba mai cewa ka yi laifi, shi ma in ya yi fushi shi za a yi wa dariya. Wannan ƙofa na bi. A can ƙarshen tafkin akwai wani gurbi mai zurfi a ƙarƙashin wata ƙatuwar kanya, inda rana ba ta sauka, kuma idon ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Ko da bazara ruwan wurin ƙanƙara ne, ba mai jiƙa rama a can. Na san washegari za a ɗebe dami goma sha biyu da taubashina ya jiƙa da hannunsa, na kuma san Baba zai tafi ta'aziyya Sabon Birni da sassafe. Da la'asar, bayan kowa ya watse, na ɗauki doguwar gora mai ƙugiya na ture duwatsun, na ja dammunan ɗaya bayan ɗaya ta gefen gaɓa har ƙarƙashin kanyar, na mirgina musu manyan duwatsu suka nutse. Ina yi ina gaya wa kaina wasa ne. Amma na san abin da nake so, so nake ya fito yana kuka a gaban mutane, a gaya wa Baba cewa gwanin nasa ma ruwa ya kore shi.

Da hantsi muka hallara, mu wajen goma. Taubashina ya lalubi gurbinsa bai sami komai ba, ya ɗago ya dube ni, na ƙyalƙyale da dariya na nuna masa kanya. Na ce tunda an ce shi ne sarkin ruwa, to ya je fadarsa ya karɓo kayansa. Mutane suka ɗauki shewa, wani ya ce yau taubashi ya gamu da taubashi. Wani dattijo ya ce a bari Baba ya dawo, amma taubashina ya girgiza kai ya ce ramar ba za ta kai gobe ba. Yana murmushi ya ce mini zan biya wannan da tsada ranar aurena, ya nufi gurbin. Can ƙafa ba ta taɓa ƙasa, sai ya nutse ya ture dutse sannan ya turo dami. Ya fito da huɗu. A na biyar na ga ya kasa kama igiyar damin, yana tura shi da gwiwar hannu. Na gane, don dokar Baba ce, na kuwa san ta kamar Fatiha. Maimakon in ce ya fito, sai na ɗaga murya na tambaye shi ko a aika a kira Gwaggo ta zo da zani ta goya shi. Aka sake fashewa da dariya. Ya dube ni, leɓɓansa sun yi toka-toka, ya koma ƙasa.

A dami na takwas rawar jikinsa ta tsaya, mu jahilai muka ɗauka ya saba ne. Sai ya fara magana ba kai ba gindi, harshensa ya yi nauyi, yana kiran shanun ubansa da sunayensu yana cewa a tare su kada su shiga gonar mutane. Dariya ta ɗauke. Ya nufi tsakiyar ruwa maimakon gaɓa, kansa ya nutse ya ɗago, ya sake nutsewa. Na faɗa ruwan ban san na faɗa ba. Abin da na ji ba zan manta ba, ƙirjina ya ƙulle, bakina ya buɗe da kansa ya ja ruwa, zuciyata tana duka kamar za ta fasa haƙarƙari. Da ƙyar na kama saiwar kanya. Wasu mutum biyu ne suka miƙa gora suka saƙalo shi, muka ja shi tudu jikinsa kamar ɗanyen itace. Muka ƙara wauta a kan wauta, muka hura ƙatuwar wuta muka kwantar da shi dab da ita, muna murza masa hannuwa da ƙafafu da ƙarfi, har ya ƙone a ƙwauri bai ji ba. Allah ya jefo Baba a kan hanyarsa ta dawowa. Ya kore mu, ya tuɓe masa jiƙaƙƙen bante, ya naɗe shi da babbar rigarsa da ta wani, ya rungume shi a ƙirji a cikin rana, ya hana a ba shi komai sai da ya farfaɗo ya iya riƙe ludayi da kansa.

Bai mutu ba. Amma ruwan da ya shaƙa ya zauna masa a ƙirji, ya yi kusan wata biyu a kwance da zazzaɓi da tari, har aka ɗora shi a jaki aka kai shi wajen malamin asibiti. Ya tashi da numfashi mai ƙugi, aka ce shi da ruwan sanyi har abada. Abin da ya fi cin raina shi ne ba wanda ya zarge ni. Kowa cewa yake wasa ne ya zo da ƙaddara. Gwaggo da kanta ta riƙa lallashina don ta ga na rame, tana cewa ai ni na fara faɗawa ruwa don in cece shi. Baba kaɗai ne ya tambaye ni sau ɗaya ko na ga lokacin da yatsunsa suka mutu. Na ce ban lura ba. Ya dube ni ya daɗe, ya ci gaba da tufkarsa, bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Da sanyi ya zagayo, ba wanda zai shiga ruwa sai ni. Na koya dole, na kuma yi shekara fiye da talatin ina shiga. Na sami gurbin, na sami sunan, masu jakuna suka koma nemana. A nan na gane abin da taubashina yake faɗa, sauƙin zuciyar nan da ɗumin da ke tasowa bayan an fito, na ji su a jikina, kuma ban taɓa jin daɗinsu ba tare da tuna wanda na raba da su ba. Shi kuwa ya kan zo ya zauna a tudu cikin bargo yana kallonmu. A hankali shirun nan ya dawo masa, ya daina zuwa, ya koma zaure. Daga baya dangin ubansa suka ɗauke shi zuwa Masanawa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu, amma kowa a can ya san shi a matsayin mutum marar magana mai yawan ciwo.

Na je wurinsa sau ɗaya da niyyar in faɗa masa gaskiya, lokacin duk mun yi furfura. Bayan mun gaisa na ce akwai maganar ranar tafki da ke damuna. Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce in don wannan ne in kwantar da hankalina, ya yafe tun a ranar, ai tsakaninmu wasa ne, da shi ne ya sami dama da abin da zai yi mini ya fi haka. Sannan ya tambaye ni ko ruwan bana ya yi sanyi sosai, idonsa ya ɗan yi haske yana jiran amsa. Na ce ya yi. Na yi masa sallama na taho. Shekara biyu bayan haka ya rasu.

Na rubuto muku wannan ne don yanzu ina jin samari suna cewa shiga ruwan sanyi magani ne. Ban musa ba, na ga ya tashi mutum daga kwance. Amma yana da iyaka, kuma wanda ke cikin ruwa ba ya sanin ya wuce ta, na gaɓa ne ke gani. Kada ku shiga ku kaɗai, kada ku yi gasa, in yatsu suka mutu ko harshe ya yi nauyi a fito da mutum ko yana so ko ba ya so. Sannan duk mai abokin wasa ya binciki zuciyarsa kafin ya buɗe baki, don al'ada za ta wanke ka a idon mutane, amma kai ka san abin da ka nufa. Ɗan'uwana ya yafe mini wasa. Hassadar kuwa bai taɓa sanin da ita ba balle ya yafe, kuma da ita zan je in same shi.