Cutar Da Surukata Ta Ce Tata Ce

Lokacin da abin nan ya same ni, ina amarya a wani ƙauye kusa da Kutemeshi, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mijina yana aikin yankan katako a daji, sai ya yi makonni bai leƙo gida ba. Daga ni sai mahaifiyarsa, da muke kira Inna, dattijuwa mai ƙarancin magana, wadda ko ido ba na iya haɗawa da ita.

Da na sami cikin fari, farin ruwan da mace kan gani ya ƙaru. Ba wari, ba ƙaiƙayi, amma na tsorata, na ɗauka ƙazanta ce. Wa zan tambaya, alhali cikin ma ɓoyonsa nake? Sai na shiga wanke gabana har ciki da ruwan bagaruwa da sabulun salo, safe da yamma, wai ni mai tsafta. Kafin wani lokaci ruwan ya koma ɗorawa-ɗorawa, ga wari, ga ƙaiƙayi, fitsari kuwa sai na cije leɓe. Marata ta fara ciwo, na tabbata cikin nan zubewa zai yi. Na daina zama kusa da mutane, na koma turara zannuwana har hayaƙi na sa ni tari.

Turaren ne ya tona ni. Wata rana Inna ta shigo ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta juya mini baya don kada kunya ta kashe ni, ta tambaye ni launin abin da warinsa. Ta ce na farkon lafiya ce, kowace mace na da shi, wankin ne ya jawo mini. Wannan kuwa sai asibiti.

Matsalar ita ce bakin mutane. Amaryar da mijinta ba ya gari, a ji tana da ciwon sanyi, ai ta shiga uku. Da safe Inna ta ɗaure kai, ta fito tana dafa bango, ta shaida wa maƙwabta cewa mararta ce ta dame ta, ni rakiya zan yi mata. Haka muka hau motar katako zuwa garin Birnin Gwari. Malamar asibiti ta duba ni, ta ba ni magani, ta ce da na ƙara jinkiri da cikin ya taɓu.

Na haifi ɗiyata lafiya. Inna kuwa ta sha tsegumi a bakin rijiya, wai tsofai-tsofai da ita, ina ta kwaso ciwon sanyi? Ba ta taɓa tankawa ba. Wallahi har yau in na tuna sai na yi hawaye.

'Yan'uwana mata, farin ruwa marar wari da ƙaiƙayi ba cuta ba ne, ku bar shi. In ya sauya launi, ko wari, ko ciwo ya biyo, ku nemi asibiti, kada ku tsaya kunya. Ni na tsaya, wata ta biya. Har Inna ta rasu ana yi mata dariya kan cutar da ba tata ba, ɗanta ma bai san gaskiya ba sai ranar da muka binne ta.