Ranar da Gwiwar Kabo Ta Taɓa Ƙasa

Kabo mahauci ne a Tarauni, kuma a zamanin da yake dambe ni nake naɗe masa zare a hannu. Shekara goma sha ɗaya yana shiga fage, gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. A dambe kuwa, da gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka, magana ta ƙare.

Da girma ya kama shi, makaɗa suka daina kiran sunansa. Mutumin nan ya koma shiru-shiru, sai tallan nama a gidajen akawuna na Gyadi-Gyadi. A can ne, wajen 1956, wani akawu ɗan kudu mai suna Callistus ya rasa abokin wasan badminton, ya dubi faɗin kafaɗar Kabo, ya miƙa masa raket, abin buga ƙwallon. Fili ne a bayan gidajen, an ja layi da farar ƙasa, an ɗaura raga a tsakiya, ana karawa biyu-biyu. In Kabo ya sauke wa ƙwallon, mai gashin tsuntsu, hannu daga sama, ba mai tarewa. Aka koma tafa masa. Wallahi har kumatu ya yi a watannin nan.

Matsalar ita ce tsayuwa. Callistus ya yi bayani har ya gaji: a buɗe ƙafa, a ɗan rusuna, nauyi a kan yatsu, in ka buga ka koma tsakiyar ɓangarenka. Kabo sai ya kafe a karkace, hagu a gaba, dunduniya a ƙasa, kamar mai jiran naushi. Abokan karawa suka gano shi. Sai su sako ƙwallon a gindin raga, inda dole a miƙa ƙafa a durƙusa, shi kuwa yana tsaye ƙiƙam har ta faɗi. Na yi masa faɗa, har zaginsa na yi, a banza.

Ƙarshe Callistus ya gaya masa, cikin jin nauyi, cewa in suka faɗi a karawar Asabar da akawunan Sabon Gari zai nemi wani abokin. Mako guda Kabo yana zuwa tsakar gidana yana koyon durƙuso, mata suna leƙe suna dariya.

"Garzali," in ji shi, "kaina ya yarda. Ƙafar ce ba ta ji."

Ranar Asabar aka zo bugun ƙarshe, saura ci ɗaya a kayar da su. Akawunan Sabon Gari suka sako ƙwallon a gindin raga. Sai ga Kabo ya miƙa ƙafa, ya nutsa, ya ɗebo ta ta haye. Amma gwiwarsa ta daki ƙasa, ni kaina na ji ƙarar.

Shi ke nan ya tsaya a durƙushe, ya saki raket, ya sunkuyar da kai. Callistus yana cewa, "Malam Kabo, tashi, ba a gama ba."  Ni kuwa na san abin da jikinsa ya ji: an kashe shi. Ƙwallon ta dawo a hankali, ta sauka daidai wurin da ya kamata a ce yana tsaye.

Ya ci gaba da kai nama Gyadi-Gyadi har tsufansa, sai dai ta gaban gidajen yake bi. Ban sake jin an tafa masa ba, kuma har yau abin yana cina, don ni na koya masa tun muna samari cewa gwiwa ba ta taɓa ƙasa.