Ranar da Na Wanke Tarkunan Kaka

Warin fata ne ya dawo mini da shi. Ƙawata da muke haya tare a unguwar Al Nahda, can ƙasar Larabawa inda nake aiki, ta samu gurbin karatu a wata ƙasa mai ƙanƙara, sai ta ja ni unguwar Satwa mu kai wa tela rigar sanyin da ta saya a gwanjo, ya rage mata hannu. An zagaye bakin hular rigar da gashi mai ruwan ƙasa. Telan ya shafa ya ce na gaske ne, na wata dabba ce a Amurka wai ita koyoti, 'yar uwar dila. Ni kuwa da karambanina sai na kai hanci. Ƙawata tana ta azalzalata da Larabci, "yalla, yalla, bas zai wuce mu," ni ina tsaye a shagon mutane riƙe da hular riga, ina jin warin ɗakin kakana.

Kakana mai tarko ne. Kada ku haɗa shi da maharba, shi kansa ba ya son a haɗa. Bai taɓa riƙe bindiga ba, masu ita ma kallon 'yan hayaniya yake yi musu. Daga lokacin da gero ya shiga rumbu har sanyi ya fara sauka yake aikinsa, don a lokacin ne gashin dila da na yanyawa, 'yar ƙaramar dabbar nan mai kama da shi, suke cika su yi laushi. In ya kama sai ya feɗe, ya miƙe fatar a kan itace bayan ɗaki, ya shafe ta da toka da gishiri, daga baya ya jiƙa ta a ruwan bagaruwa. Dukawa su sayi ta dila su yi jakar burgami, ta yanyawa kuwa wani ɗan kasuwa ne yake zuwa daga birni ya kwashe, ban san inda yake kai ta ba. Da zarar zafi ya fara, Kaka ya daina, ko da an roƙe shi. Yakan ce duk wanda ya kama uwa a wannan lokacin ba ita kaɗai ya kashe ba.

Tarkunansa bakwai ne, na ƙarfe, maƙerin garinmu ya ƙera masa, kowanne da baki biyu masu haɗuwa da guntuwar sarƙa da turke. Kafin ya fara ɗana su sai ya dafa su a tsohuwar tukunya da bagaruwa, sannan ya binne su a turken awaki kusan mako biyu. Su fito baƙi ƙirin, kashin awaki ya manne musu. Ba ya taɓa su da hannu sai da guntun tsohuwar fata, kuma ba sa kwana a cikin gida. A taiki yake zuba su ya rataye a jikin tsamiyar bayan danga. Ba wanda ya taɓa gaya mini dalili. Abin da dai nake ji kullum shi ne kakata, Iya, tana cewa "kayan ƙazantar kakanki."

Ina da shekara takwas a lokacin, an kai ni riƙo wurinsu. Yana ce mini amarya, ina ce masa tsoho mai warin dila. Wallahi ban san wanda na so a duniya kamarsa ba.

A ƙarshen sanyin shekarar nan wani dila ya fara shiga garkunan gari yana ɗauke 'ya'yan tumaki. Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Ni aka aika da ruwan sha, na kuwa yi zamana a bakin zaure na baza kunne. Samarin da suka yi ci-rani suka ce a garin da ke gabanmu guba aka zuba a mushe, kwana ɗaya aka huta. Kaka ya bari suka gama, sannan ya ce, "Dila ɗaya ne yake muku ɓarna. Tsoho ne, yana ɗingishi, na ga sawunsa. Gubarku ba za ta tsaya ta zaɓe shi ba, duk abin da ke dajin nan za ta ci."

Mai unguwa ya ce, "To, Baba, mun ba ka zuwa ranar kasuwa. Kwana bakwai ke nan. In ba ka kama shi ba, ba zan iya hana su ba."

Na koma gida zuciyata cike da son in taimaka. Washegari da hantsi, bayan Kaka ya fita bin sawu, na samo gora na zunguro taikin. Na ja shi har gindin rijiya. Kai, na yi aiki a ranar! Na dirje su da yashi da toka kamar yadda Iya ta koya mini dirzar tukunya. Da na ga warin bai fita ba, na lallaɓa ɗakinta na ɗauko sabulu mai ƙamshi da gwaggona ta kawo mata daga birni, wanda take ɓoyewa a kwalla, ita kanta sai ranar Juma'a take taɓa shi. Na kusa ƙarar da shi. Daga nan na shafe su da man gyaɗa har cikin gaɓoɓinsu, na jera su a rana suna ƙyalli.

Kaka ya dawo wajen azahar. Ya tsaya a kansu yana kallo.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Na yi tsalle na ce, "Ni ce!"

Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya da hannunsa tsirara, abin da ban taɓa gani ba. Ya jujjuya shi ya ce, "Amarya, ashe haka suke da kyau? Tun da aka ƙera su ban ga sun yi haske haka ba. Allah ya yi miki albarka." Iya ta fito ta gani, ta dafe ƙirji ta buɗe baki. Ya ɗaga kai ya dube ta kawai, sai ta koma ɗaki. Ni kuwa na ɗauka faɗan sabulu ne Kaka ya cece ni daga shi.

Da la'asar ya sake dafa su, ya turara su da hayaƙi, ya binne su kwana biyu kacal. Har haushi na ji, na ce tsohon nan bai san darajar wanki ba. Ya ɗana su a hanyar dilan. Kullum ya fita da sassafe, ya dawo hannu rabbana. Wata safiya na ji yana gaya wa Iya cewa dilan ya tone gefen tarkon ya bar shi a fili, ya kuma yi kashi kusa da shi. Labarin ya fita gari, samari suna ta sheƙa dariya. A kwana na shida aka sake ɗauke ɗan rago. Ranar kasuwa bai jira an kira shi ba, ya je ƙofar mai unguwa da ƙafarsa ya ce, "Na kasa. Tsufa ne."

Aka zuba gubar. Dilan ya mutu, gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba. Ungulaye suka zube a ƙarƙashin kuka. Karnukan gari suka mutu, yanyawa suka mutu a bakin ramukansu, fatun da ba mai taɓawa. Kaka ya ɗauki fartanya ya yi kwanaki yana bin daji yana binne su, don kada wasu su ci su ma su bi. Da damina ta zo ɓeraye da gafiya suka yi wa gyaɗar mutane kaca-kaca. Bai sake ɗana tarko ba. Ya koma tufkar igiya a ƙofar gida, mutane suna wucewa suna cewa hannun tsoho ya mutu, har ya rasu ana faɗin haka.

Shekarar korona, da aka tsai da jirage, ba ni da abin yi in na tashi daga kantin maganin da nake aiki sai doguwar hira da mahaifiyata, Inna, a waya. Wata ranar hutu da yamma take ba ni labarin gida. Ta ce dajin duk ya zama gonaki. Diloli sun dawo, har bola suke shigowa bayan sababbin gidaje, ba kuma wanda ya iya ɗana musu tarko. Yanyawa kuwa yaran yanzu ko sunanta ba su sani ba. Sai na kama dariya ina ba ta labarin ranar da na wanke tarkunan Kaka, da yadda ya yi ta shi mini albarka.

Sai Inna ta katse ni.

"Ke har yau ba wanda ya gaya miki?"

Na ce, "Me?"

Ta ce, "Dila da hanci yake rayuwa, 'yar nan. Binnewar da kakanki yake yi, don warin mutum ya fita ne. Sabulun nan da man gyaɗa ba sa barin ƙarfe a ƙasa da mako biyu, shi kuwa kwana bakwai aka ba shi. Tun da ya gan su a rana ya san an gama. A ranar ya tara manyan gida ya ce duk wanda ya gaya miki kina yarinya, ko ya fitar da maganar waje, bai yafe ba."

Na zauna a bakin gado na ce, "Inna, ai da ya faɗa, da sun ƙara masa kwanaki."

"Wataƙila. Amma ya ce garinmu ba sa manta suna in suka laƙaba wa mutum. Ya ce shi saura kaɗan ya tafi da nasa, ke kuwa yanzu kika fara."

Na yi kuka a ranar kamar sannan aka yi rasuwar. Shekara kusan talatin ina ba da labarin nan da alfahari, a makaranta, a wurin aiki, har ga mutanen da ba su taɓa ganin dila ba, ina cewa ranar ce kakana ya fi yabona. Har yanzu ita ce ranar. Sai dai yanzu na san abin da yabon ya ci masa.