Shekara tara babu sunan Yaya Haladu a takardar addu'a

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Haladu makwancinsa. Mu goma sha ɗaya ne muka sallace shi, har da mai haƙan kabari. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Facin taya nake yi a Kawo, kuma sai cikin shekaru biyun nan na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa sai yau na iya rubuta wani abu a kansa.

Ba zan ɓoye abin da duk unguwa ta sani ba: Yaya Haladu ɗan daudu ne. Tuwo da miyar taushe yake sayarwa a bakin tasha, da zani ɗaure a kan wandonsa, yana magana yana tafa hannu. Abin da ya wuce wannan ban gani ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Abin da idona ya gani shi ne, da ɓarin jikin mahaifiyarmu ya shanye, shi ya yi jinyarta har ta cika. Shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta abinci a baki, mu masu gemu sai dai mu leƙa mu ce sannu.

Ana saura kwanaki Babbar Sallah, malamarmu, Malama Rifkatu, ta kawo jaridar Hausa don kowa ya karanta layi kaɗan. Rabona ya faɗo kan labarin ƙasar waje. Ina haɗa baƙi a hankali, sai da na kai tsakiya na gane abin da bakina ke faɗa: wai wani gwamna ya sa hannu an ware wata guda a kowace shekara don karrama maza masu neman maza da mata masu neman mata. Aji ya kaure da salati. Malama ta karɓe jaridar tana rantsuwa ba ta duba shafin ba. Ni kuwa sai na shiga tambayar kaina. Hukuma da kanta, da hatiminta? Ni Musulmi ne, na san abin da aka karantar da ni, kuma har yau kaina bai ɗauki labarin nan ba.

Amma a hanyar gida Yaya ne ya tsaya mini a rai. Me zai ce da ya ji? Ina jin dariya zai yi, ya ce shi wata guda ya yi masa yawa, a bar shi ya ratsa layinmu sau ɗaya ba a bi shi da tsaki ba. Ban taɓa jin ya nemi a yaba masa ba. Masallaci ma sahun ƙarshe yake tsayawa kusa da takalma, ana sallama ya fice.

Ashe babban tashin hankalin yana jirana a gida. Washegarin kowace Babbar Sallah dangi kan taru a gidan Baffa Sale, ƙanen mahaifinmu, a Rigasa, a sauke Alƙur'ani, a yi wa mamatanmu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Ɗansa Nasiru, ma'aikacin gwamnati, shi ke rubuta sunayen a miƙa wa malam. Ni kullum ina bakin ƙofa wajen rabon abinci, ina jin amin sai in ce amin. Shekara takwas ina yi da yaƙinin sunan Yaya na cikin takardar.

Bana Nasiru ya ba ni takardar in kai wa malam. Na tsaya a zaure na ce bari in gwada karatuna. Na bi da yatsa daga sama har ƙasa. Ga Baba, ga Inna, ga wata jaririya a danginmu da ta koma kafin suna, har maƙwabcin Baffa yana ciki. Babu Haladu. Na ɗauka ƙarancin karatuna ne, na nuna wa Nasiru. Ya kau da kai, ya ce haka Baffa ya umarta tun shekarar farko.

Na je na durƙusa gaban Baffa na tambaye shi. Ya ce, "Isuhu, ka bar zancen nan. Allah ya san shi."

Na ce, "Baffa, ai duk na kan takardar nan ma Allah ya san su."

Na koma zaure na zaro biro daga aljihu, na ɗora takardar a kan gwiwa. Rubutun ya karkace, amma ya fito: Haladu Musa. Da malam ya kai ƙasan takardar sai ya dakata, ya kalli Baffa, ya kalle ni, sannan ya kira sunan ya roƙa masa gafara kamar kowa. A cikin maza mu uku muka ce amin. Daga cikin gida kuwa, bayan labule, amin ɗin mata har waje aka ji ta.

Ban san hukuncin Yaya a wajen Ubangijinsa ba, kamar yadda ban san nawa ba. In mai laifi ne, ai shi ya fi kowa bukatar addu'ar. Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, rumfarsa ma yanzu mai cajin waya ne a wurin. Da zan tafi ran nan, matar Baffa ta biyo ni zaure ta ce ita duk shekara tana ambatarsa a ɗakinta, don shi ya dafa abincin bikin 'ya'yanta huɗu bai bar kowa ya taɓa muciya ba. Wannan shi ne abin da ya rage nasa, kuma ban raina shi ba.

Baffa har yau bai amsa gaisuwata ba. Duk Juma'a ina hawa keke in je Rigasa, in durƙusa, in gaishe shi, in jira kaɗan, in tashi.